Tsalle da dira a lakwal

A Dogon Kiriya, wasu uwaye suna ganin mushe yana sa yara tsalle a filin lakwal, sai su ce ɓata lokaci ne. Ba haka ba ne. Darasi ne na motsa jiki.

Yaron Arewa ya iya tsalle tun a wasan langa. Dira ce take son koyo. Ƙashin yaro bai gama ƙosawa ba. In ya dira a kan dunduniya, gwiwa a miƙe, nauyinsa duka yana bugun gwiwa da baya. Nan ake samun targaɗe ko karaya.

Ga yadda mushe yake koyarwa. A zaɓi wuri mai rairayi, a tsince ƙaya da duwatsu. Yara su tsallake layi a ƙasa, sannan igiya daidai idon sawu. Su dira da ƙafa biyu tare, yatsu su fara taɓa ƙasa, gwiwa a lanƙwashe, hannuwa a gaba. Wanda ya iya, sai a ɗaga masa igiya kaɗan.

Wanda ya iya dira, ko daga amalanke ya diro, da wuya ya ji ciwo. In ƙafa ta kumbura, a kai yaro likita ranar, kada a jira.