Shirya Kwamfuta Kafin a Gwada Ƙarfin Katin Hoto

Gwajin ƙarfin katin hoto, wato ɓangaren kwamfuta da ke zana abin da ake gani a allo, shi ne a sa kwamfuta ta zana wani gajeren fim mai nauyi wanda ba ya canzawa, sannan a ƙirga hotuna nawa take fitarwa a kowace daƙiƙa. Manhajar da ta fi suna a wannan fage ita ce 3DMark, wadda kamfanin Futuremark na ƙasar Finlan ya fara fitarwa a 1998, kafin kamfanin UL na Amurka ya saye shi a 2014. A cikinta akwai gwaje-gwaje iri-iri, kamar Fire Strike na 2013 da Time Spy na 2016. Makin da ta bayar ba ya da amfani sai an kwatanta shi da wani, kwatanci kuwa ba ya yiwuwa in mudun da aka auna hatsi da shi jiya ba shi ne na yau ba. Shi ya sa shirin ya fi gwajin kansa cin lokaci.

Ana farawa ne da direba, wato manhajar da ke sada katin da Windows. Masu gwaji sukan share tsohuwar gaba ɗaya, su sa sabuwa daga shafin Nvidia ko AMD ko Intel, su kuma rubuta lambarta, domin sabon direba kan ɗaga maki ko ya sauke shi ba tare da an taɓa katin ba. Saitunan da ke cikinta kuma a bar su yadda suka zo daga kamfani. Wannan tsantseni yana da tarihi. A 2003 Futuremark ya bayyana cewa wasu direbobin Nvidia suna gane 3DMark03 in an kunna ta, sai su rage aikin zane don maki ya hau. Tun daga lokacin, duk sakamakon da aka samu da saitin da ke rage ingancin hoto ba a ɗaukarsa da daraja.

Sai kuma saitin V-Sync, wanda ya fi yaudarar sababbin shiga. Aikinsa shi ne daidaita katin da saurin allo. In allon yana sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, katin da zai iya fitar da 200 zai tsaya cak a 60, ya zama daidai da wanda bai kai rabin kuɗinsa ba. Dole a kashe shi, tare da duk wani saitin da ke ƙayyade yawan hotuna. Girman hoton ma kada a taɓa shi: Time Spy na zane ne a 2560 da 1440, kuma wanda ya rage wannan ya fita daga sahun masu kwatanci.

Kwamfutar tafi-da-gidanka tana da nata sharaɗin. A kan batiri takan rage wa katin wuta da gangan, saboda haka sai an jona caja, an kuma zaɓi tsarin wuta mai cikakken ƙarfi. Da yawansu kati biyu ke ciki, ƙarami na haɗe da ƙwaƙwalwar na'urar da babba na daban, kuma ba abin mamaki ba ne a gama gwaji a tarar ƙaramin ne ya yi aikin. Sauran manhajoji, irin su burauza da mai ɗaukar bidiyon allo da sabunta Windows, a rufe su kawai.

Zafi ne ya fi wuyar sha'ani. Kati in ya ɗau zafi yakan rage gudu da kansa don kada ya lalace, ke nan gwajin farko a na'ura mai sanyi yakan fi na baya maki. Makin da ake gani a intanet mai yiwuwa daga ɗakuna masu sanyi ya fito, alhali a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi zafin Afrilu kan haura digiri 40. Ga kuma ƙurar hunturu da ke toshe fanka. Mai sayen kwamfuta ta hannu ya kamata ya san haka kafin ya zargi mai shago da sayar masa da gajiyayyen kati. A goge fanka, a ɗora na'urar a kan tebur ba katifa ba, a bar ta ta ɗumama da zagaye ɗaya da ba za a lissafa ba.

Bayan haka a maimaita gwajin aƙalla sau uku a ɗauki matsakaici. Ƙaramin bambanci tsakanin zagaye ba komai ba ne. Babba kuwa alama ce cewa wani abu na aiki a ɓoye, ko zafi ya yi yawa. In ana son sanin tasirin wani saiti, shi kaɗai za a canza, a rubuta lambar direba da zafin ɗakin kusa da kowane maki.