Kan Dainoso a Na'urar Asibiti

A kudu maso gabas da Agadas, cikin hamadar Tenere, akwai wani fili da ake kira Gadufawa, inda iska kan share rairayi ta bar ƙasusuwa a waje suna shan rana. Tsakanin 1965 da 1972 wani masani Bafaranshe, Philippe Taquet, ya yi ta zuwa wurin yana tono. Cikin abin da ya kwaso har da guntayen ƙashin wata dabba mai dogon wuya, amma ba su kai yawan da za a raɗa mata suna ba. Sai a 1997 ayarin Paul Sereno na Jami'ar Chicago ya dace da ƙarin ƙasusuwanta, har da na kai, kuma a 1999 aka sa mata suna Nigersaurus taqueti. Dainoso ce mai cin ganye, tsawonta kamar mita 9. A lissafin masana ta rayu wajen shekara miliyan 110 da suka wuce, zamanin da wannan hamadar take cike da koguna da fadamu.

Kan nata ne ya ba masana wuya. Ƙasusuwansa sirara ne ainun, wasu in an haska su da fitila mai ƙarfi hasken yakan ratsa su, kuma waɗanda suka haɗa baki da ƙeya akasari kaurinsu bai kai milimita 2 ba. Bakin ya fi sauran kan faɗi. Haƙoran duka sun taru a gaba, sun miƙe daga wannan gefe zuwa wancan, layi 68 a sama, layi 60 a ƙasa, kuma bayan kowane haƙori akwai wasu a jere cikin muƙamuƙi suna jiran ya zube su maye gurbinsa. In aka haɗa da masu jiran gado, sun haura 500. Wani kiyasi na 2013 ya ce kowane haƙori kwana 14 yake yi a bakin aiki kafin wani ya ture shi. To dabba mai irin wannan baki, yaya take riƙe kanta? Gaba take duba ko ƙasa? Ƙashin wuya bai isa ya ba da amsa ba. A nan Lawrence Witmer ya shigo cikin aikin.

Witmer malamin ilmin sassan jiki ne a kwalejin likitanci ta Jami'ar Ohio, a garin Athens na Amurka. Aikinsa na yau da kullum koyar da masu neman zama likitoci ne, amma ɗakin bincikensa ya yi suna da manyan firji cike da kawunan kada da jimina da sauran dabbobi, waɗanda shi da ɗalibansa suke feɗewa. Dalilin wannan aiki mai ƙarni kuwa, tsuntsaye daga zuriyar dainoso suka fito, kada kuma shi ne ɗan'uwansu mafi kusa da ya rage a raye. Tun 1995 Witmer ya shimfiɗa ƙa'idar da yake bi. Idan wata jijiya tana ratsa wata kafa a ƙoƙon kan kada, tana kuma ratsa irinta a na tsuntsu, sannan aka ga kafar a ƙoƙon dainoso, to ana iya cewa da ƙarfin gwiwa jijiyar ta ratsa nan ma. Idan ɗaya ne kawai cikin biyun yake da ita, hujjar ta yi rauni. Idan babu mai ita, abin ya koma shaci-faɗi, kuma wajibi ne mai bincike ya faɗi hakan da bakinsa. Wannan rarrabewa, a ganina, ta fi duk kyawawan hotunan da ɗakin nasa yake fitarwa daraja.

Ƙwaƙwalwa ba ta zama dutse yadda ƙashi yake zama. Tana cikin abubuwan da suke fara ruɓewa. Abin da yake saura shi ne gurbin da ta zauna, da ƙananan kafofin da jijiyoyi suka bi suka fita zuwa ido da hanci da muƙamuƙi. Wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zubin tukunyar dalma ya san yadda abin yake: ana danna tukunya cikin ƙasa mai danshi, a zare ta, gurbin da ta bari ya riƙe siffarta har da kunnuwanta, sai a kwarara narkakken ƙarfe a sami wata. Masana na da haka suke yi, sukan tsaga ƙoƙon kai, su rarake dutsen da ya cika shi, su zuba roba ko filasta. Tilly Edinger, Bajamushiyar da ta kafa wannan fanni da littafinta na 1929 kafin ta tsere wa mulkin Nazi, da irin waɗannan zubi ta yi aiki. Matsalar ita ce babu gidan tarihin da zai yarda a tsaga masa ƙoƙon da shi kaɗai ne irinsa a duniya, balle mai siranta irin na Nigersaurus.

Na'urar CT ta asibiti, wadda ake kwantar da mara lafiya a tura shi cikinta a duba ko jini ya taru a kansa, ita ta warware wannan. Shekaru da dama Witmer da abokin aikinsa Ryan Ridgely suna kai ƙasusuwa asibitin O'Bleness na garinsu a saka musu. Na'urar tana ɗaukar hoton abu yanka-yanka, ɗaruruwa ko dubbai, ba tare da ta taɓa shi ba. Daga nan aikin ya koma na haƙuri: mutum ya zauna gaban kwamfuta yana bin hotunan ɗaya bayan ɗaya, yana shafa launi a inda ƙashi ya ƙare dutsen da ya cike gurbi ya fara. Wani lokaci biyun sukan yi kama har ido ya kasa raba su. In an gama, kwamfutar ta harhaɗa yankunan, sai ga siffar gurbin ƙwaƙwalwa tana juyawa a allo.

Amsar tambayar Nigersaurus ba a ƙwaƙwalwar aka same ta ba, a kunne aka same ta. Can cikin ƙashin kai, bayan dodon kunne, kusan kowace dabba mai ƙashin baya tana da wasu lanƙwasassun bututu uku masu ruwa a ciki, kowanne yana fuskantar nasa ɓangare. In kai ya motsa, ruwan ya motsa, ƙwaƙwalwa ta san an juya. Yaron da ya yi ta juyi a tsakar gida ya tsaya cak ya faɗi, ruwan nan ne bai gama tsayawa ba. Ɗaya daga cikin bututun uku a kwance yake, kuma an daɗe da lura cewa dabbobi da yawa, in sun natsu suna sauraro, sukan riƙe kai ta yadda wannan bututu zai yi kusan daidai da shimfiɗar ƙasa. Bututun a cikin ƙashi suke, saboda haka gurbinsu yana nan. Da aka juya kan Nigersaurus a kwamfuta har bututun ya kwanta, sai bakin ya sunkuya ƙasa da digiri 67. A Nuwamban 2007 aka buga sakamakon a mujallar PLoS ONE, da sunayen Sereno da Witmer da wasu, ciki har da 'yan Nijar biyu, Abdoulaye Maga da Oumarou Ide na Jami'ar Yamai. Hoton da ya fito shi ne na dabbar da take tafe kanta a sunkuye tana aske gajerun tsirrai masu taushi. Binciken ya kuma nuna cewa sashen ƙwaƙwalwarta na jin ƙamshi ƙarami ne, duk da faɗin kafofin hancinta.

Ba kowa ya gamsu ba. A 2009 Mike Taylor da Mathew Wedel da Darren Naish suka ja da maganar, suka ce dabbobin da ke raye ba sa bin ƙa'idar bututun sau da ƙafa. Wani nazari na 2013 a kan tsuntsaye ya samu bambancin da ya kai wajen digiri 50 tsakanin wani nau'i da wani. In haka ne, lambar 67 ba abin rantsuwa ba ce. Duk da haka ban ga an rushe hoton gaba ɗaya ba, domin ba kunne kaɗai ya ba da shaida ba. Faɗin bakin da irin zaizayar da haƙoran suka yi duk suna nuna dabba mai kiwo a ƙasa. Abin da ya yi rauni shi ne cewa kullum a sunkuye take, ko ba ci take yi ba.

Wani aikin da ya fitar da sunan Witmer ga jama'a kuma a kan hanci ne. Fiye da shekara ɗari masu zane suna ɗora ƙofar hancin dainoso masu dogon wuya can a tsakar ka, gadon wani tsohon zato cewa cikin ruwa suke zama suna leƙo kai su sha iska. Witmer ya shafa wa ƙofofin hancin gomman nau'o'in tsuntsaye da kadoji da ƙadangaru wani haɗi na roba da sinadarin da ke fitowa fari a hoton ƙashi, ya ɗauke su hoto. Kusan a kowace dabba, ƙofar naman tana can gaba, kusa da baki, komai girman kafar da ke cikin ƙashin. Mujallar Science ta buga wannan a 2001, masu zane suka sauko da hanci. A 2008 kuma shi da Ridgely suka leƙa cikin kan Euoplocephalus, wata dainoso mai sulken ƙashi ta Kanada, suka tarar hanyar numfashinta ta nannaɗe har ta fi kan kansa tsawo, ga manyan jijiyoyin jini a gefenta. Nazarin da tsohon ɗalibinsa Jason Bourke ya jagoranta a 2018 ya nuna cewa wannan nannaɗewa tana iya sanyaya jinin da ke tafiya ƙwaƙwalwa. A kan Tyrannosaurus rex, aikinsu na 2009 ya nuna babban sashen jin ƙamshi, da kunnen da ya fi dacewa da sauti mai kauri, da bututun kunne dogaye irin na mafaraucin da ke bin abin farauta da ido yana juya kai da sauri.

Duk wannan magana ce ta ji da gani da shaƙa da riƙe kai. Tambayar da mutane suka fi so kuwa ita ce ta wayo, kuma a nan ne ƙashi ya fi rowa. A tsuntsu da mutum ƙwaƙwalwa tana cika gurbinta. A kada ba ta cikawa, sau da yawa rabi ko ƙasa da haka take ɗauka, sauran kuwa fatu ne da ruwa da magudanan jini. Wanne za a ɗauka ga T. rex? A 2023 Suzana Herculano-Houzel ta Jami'ar Vanderbilt ta auna shi da ma'aunin tsuntsaye, ta ce gaban ƙwaƙwalwarsa yana iya ɗaukar ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 3, kwatankwacin na gwaggon biri. Jaridu suka yi ca. A 2024 wani ayari ƙarƙashin Kai Caspar ya sake lissafin, ya yi la'akari da cewa ƙwaƙwalwar ba ta cika gurbin ba, adadin ya faɗo ƙasa sosai. Suka ƙara da cewa ko da an san adadin, yawan ƙwayoyi ba shi ne wayo ba. Ƙoƙon bai canja ba tsakanin shekarun biyu. Dabbar da aka jingina shi da ita ce ta canja. Ni dai ina tare da ayari na biyu, domin hujjarsu ta fi tsayawa inda ƙashin ya tsaya.

Ko da naman ƙwaƙwalwar kansa ya samu, gardamar ba ta mutuwa. A 2004 wani mai tsintar burbushin halittu ya ɗauki wani ɗan dutse a gaɓar teku kusa da Bexhill a kudancin Ingila. A 2016 masana daga Oxford da Cambridge suka bayyana cewa cikon gurbin ƙwaƙwalwar wata dainoso ce dangin Iguanodon, mai shekara kusan miliyan 133, kuma a bayansa akwai alamun siraran jijiyoyin jini da fatar da ke lulluɓe ƙwaƙwalwa, waɗanda ruwan fadama mai tsami ya jiƙa har ma'adinai suka maye gurbinsu. Naman ya bayyana manne da rufin ƙoƙon, abin da zai sa a zaci ƙwaƙwalwar ta cika gurbinta. Masu binciken da kansu suka ja kunne: ga alama gawar a kife ta nutse cikin taɓo, ƙwaƙwalwar ta fara ruɓewa, nauyinta ya sa ta zube ta kwanta a kan rufin.