Minsharin Yaro Ba Gadon Kaka Ba Ne

Akwai wani yaro a unguwarmu, ɗan shekara 6, da ya shekara biyu yana minshari kamar dattijo. Yakan kwana baki buɗe, numfashi ya ɗauke ɗif, can sai ya zabura yana haki. Mutanen gidan dariya suke yi, wai kakansa ya gado. Fitsarin kwance ya ƙi tsayawa, aka dake shi. Malami ya ce ba ya natsuwa a aji, aka ƙara masa. Daga ƙarshe aka kira wanzami ya cire masa beli. Yaro ya kwana uku ko kunu ba ya iya haɗiyewa, minshari kuwa yana nan daram.

Jama'a, me beli ya yi muku? Abin da ke toshe wa yaro iska cikin barci galibi kumburin tsokar bayan hanci ne da ta gefe biyu na maƙogwaro, musamman tsakanin shekara 2 zuwa 8. Askar wanzami ba ta magance wannan, sai dai ta jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta. Ƙiba ma tana haddasa wannan ciwon ɗaukewar numfashi cikin barci, kuma ya fi yawa ga masu sikila.

Tun 1976 likita Christian Guilleminault na Jami'ar Stanford a Amurka ya bayyana ciwon a jikin yara takwas.  Ƙiyasin likitoci, yaro 1 zuwa 5 cikin 100 na fama da shi. Mu kuwa muna nan muna dariya.

In yaronki na minshari dare uku ko fiye a mako ba tare da mura ba, wayar nan da kike kallon TikTok, ɗauke shi bidiyo yana barci, da sautinsa. Kai wa likitan kunne, hanci da maƙogwaro ya gani, domin da rana yaron garau zai bayyana. Ba kowa ake yi wa tiyatar cire tsokar ba. A wani bincike na 2013 a Amurka, kusan rabin yaran da aka sa wa ido kawai sun warware cikin wata bakwai. Amma likita ne zai ce a jira, ba kishiya ko maƙwabciya ba.