Yadda Za Ka Gwada Na'urar Hangen Dare Mai Rahusa

Na'urar hangen dare ta daɗe tana hannun sojoji. Jamus da Amurka sun yi amfani da irinta a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, sannan a shekarun 1960 sojojin Amurka suka shiga Biyetnam da wadda ke aiki da hasken taurari. Yau kuwa manomi mai gadin gona, da mai kiwo, da mai sha'awar kallon namun daji duk suna iya mallakar mai sauƙin kuɗi. Sai dai kafin ka dogara da ita, wajibi ne ka san abin da ka saya, ka kuma gwada da kanka.

Da farko ka gane irinta, domin iri uku ne. Akwai mai bututu, wadda ke tattara ɗan hasken wata ko taurari ta ninka shi sau dubbai, ta nuna hoto kore. Akwai mai gano zafin jiki, wadda ba ruwanta da haske ko kaɗan. Nagartattu cikin waɗannan biyun suna da tsada. Ta uku, wadda ta cika kasuwa, ita ce ta dijital: kyamara ce da ƙaramin allo da fitilar infared. Idon mutum yana ganin haske ne daga kusan nanomita 400 zuwa 700, ita kuwa fitilar tana haskawa a 850 ko 940. Wato tocila ce da kai ba ka ganin haskenta, amma kyamarar tana gani. Idan kana son shaida, ka danna rimot ɗin talabijin a gaban kyamarar waya; a wayoyi da yawa za ka ga yana ƙyalli.

Gwajin farko da rana ake yinsa, muddin ta dijital ce. Mai bututu kam hasken rana na iya lalata ta. Wuraren saiti biyu ne. Ka fara murɗa na wajen ido har rubutun allon ya fito tas, daga nan kada ka sake taɓa shi. Sannan ka murɗa na gaba gwargwadon nisan abin da kake kallo. Mutane da yawa da ke kukan hoto ya yi dishi-dishi, wannan jerin suka tsallake.

Bayan haka ka shiga ɗaki mai duhu ƙirin. Ka kashe fitilar infared ka duba: da wuya ka ga wani abin kirki. Ka kunna ta, ɗakin zai bayyana fari da baƙi. Nan za ka fahimci cewa ƙarfin na'urar ya rataya ne a kan fitilarta, inda hasken ya tsaya nan ganinka ya tsaya.

Gwajin da ya fi muhimmanci shi ne na fili. Ka auna mita 25, da 50, da 100, ka sa alama tun da rana. Da dare ka sa wani ya tsaya a kowace alama, ka tambayi kanka abu uku: na ga motsi? Na bambanta mutum da dabba? Na gane ko wane ne? Nisan da ake rubutawa a jikin kwali galibi na tambayar farko ne, alhali ta ukun ce ke hana mutum zargin maƙwabcinsa bisa kuskure. Ka maimaita gwajin a daren farin wata da kuma daren duhu. Kada zum ɗin dijital ya ruɗe ka, domin girman hoton kawai yake ƙarawa, ba ya ƙara masa tsabta.

Akwai abubuwan da za ka lura da su a filin. Ganye ko katanga da ke kusa suna maido da hasken, su dallare allon, abin da ke bayansu ya ɓace. Hazon hunturu da ƙura da raɓar asuba ma haka suke yi, sai ka rage ƙarfin fitilar. Fitila mai 850 ta fi nisa, amma tana barin ɗan jan ɗigo da ake iya hangowa. Mai 940 ta fi ɓuya, nisanta ya fi gajarta. Ka kuma duba tsawon lokacin da batir ke ɗauka da fitilar a kunne, don ita ce ke cinye shi. Hasken allon kuma ka rage shi sosai, saboda ido yana buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya sake sabawa da duhu.

Ƙasashe da dama suna sa ido kan shigo da irin wannan kaya, don haka ka nemi bayanin hukuma kafin ka saya, ka kuma kiyaye sirrin gidajen mutane. Idan ka kammala gwajin, ka rubuta nisan da ka iya gane fuska a daren da ya fi duhu. Wannan adadin shi ne ainihin ƙarfin na'urarka, kuma da shi za ka yanke hukunci ko ta isa aikin da ka saye ta dominsa.