Harafi Mai Ƙugiya Da Zaɓen Manhajar Rubutu

Duk wanda ya bi Titin Zariya ta Gyadi-Gyadi, ko ya ratsa Unguwar Gano a lokacin da ɗalibai ke shirin miƙa kundin bincikensu, zai tarar shagunan buga takardu sun cika maƙil. Kukan da aka fi ji a wurin shi ne, takardar da aka tsara a gida ta iso kwamfutar shago ta birkice, kan babi ya gangara gindin shafi, jadawali kuma ya rabu biyu.

Akwai hanyar kauce wa wannan, wato mutum ya rubuta zallar kalmominsa, sannan ya sa 'yan alamomi da za su nuna inda take yake da inda sakin layi ya fara. Tsari biyu ne suka fi shahara. Na farko shi ne Markdown, wanda John Gruber ya fitar a 2004. Alamar # a farkon layi ta isa ta mai da shi take, kuma ma'aikaci zai iya koyonsa a yini guda don rubuta rahoton ofis. Na biyu shi ne LaTeX, wanda Leslie Lamport ya ɗora a kan TeX ɗin da Donald Knuth ya fito da shi a 1978. Koyonsa sai da haƙuri, amma wajen lissafi da jera manazarta ba shi da na biyu. Mai son sa zai zaɓa tsakanin Overleaf, wanda ke bukatar intanet, da TeXstudio, wanda ke aiki ko babu. Idan kuma malami ya dage sai takardar Word, manhajar Pandoc tana juya ta.

To, amma ga mai rubutu da Hausa akwai wani tarko. Lokacin da kwamfuta ta yaɗu a ƙasar nan ba ta zo da ɓ, ɗ da ƙ ba. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ne ya share wa marubuta hawaye da samfurin haruffan Rabi'at, inda aka ari wasu alamomi aka ɗora wa haruffan uku. Shi ya sa idan aka buɗe irin wannan takarda a kwamfutar da ba ta da samfurin, sai a ga "}asa" a madadin ƙasa, "]aya" a madadin ɗaya, "~arawo" a madadin ɓarawo.

Abin lura shi ne, alamomin nan suna da nasu aikin a LaTeX. Alamar } rufe umarni take yi, ~ kuwa tazara ce tsakanin kalmomi. Ɗalibin da ya kwafo tsohon rubutu ya zuba, ko dai aikin ya tsaya cak, ko ɓarawo ya fito "arawo". Dole sai an fara mayar da haruffan zuwa tsarin Unicode. Bayan haka ma sai a yi amfani da XeTeX, wanda Jonathan Kew ya fitar a 2004, tare da samfurin da ke ɗauke da haruffan, kamar Charis SIL.

Saboda haka, kafin ɗalibi ya fara babi na ɗaya, ya kamata ya rubuta ɓauna, ɗaki da ƙofa a manhajar da ya zaɓa, ya kai shagon da zai buga kundin, ya ga abin da zai fito a takarda.