Zuwa Kallon Wimbledon: Ƙuri'a, Layi da Ciyawa

Mako biyu a kowace shekara, daga ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli, unguwar Wimbledon da ke kudu maso yammacin Landan takan zama matattarar masoya wasan tenis na duniya. A nan ake gasar da ta girmi kowace gasar tenis, wadda aka fara a 1877, kuma cikin manyan gasanni huɗu na wannan wasa ita kaɗai ta rage ana buga ta a kan ciyawa. Ta Amurka ta rabu da ciyawa a 1975, ta Ostireliya ta bi sahu a 1988, ta Faransa kuwa a kan jar ƙasa ake yin ta. Kakar wasan ciyawa gaba ɗayanta ba ta wuce makonni kaɗan, daga kammala gasar Faransa a farkon Yuni zuwa wasan ƙarshe na Wimbledon. Wanda bai kintsa a kan lokaci ba, sai ya jira baɗi.

Ciyawar kanta tana cikin abin da ake zuwa kallo. Tun 2001 iri ɗaya tak ake shukawa a filayen, saboda juriyarsa ga takun 'yan wasa, kuma lokacin gasa kullum sai an aske ta zuwa tsawon milimita 8. Ƙwallo a kanta ba ya tashi sama sosai. Sulɓewa yake yi da sauri, ya tilasta wa ɗan wasa duƙawa. A kwanakin farko filin kore ne shar, ga santsi, har manyan 'yan wasa kan zame su faɗi. Kafin mako na biyu ya yi nisa, bakin layin baya inda aka fi tsayawa ya riga ya ƙoƙe ya koma ruwan ƙasa. Saboda haka ranar da mutum ya zaɓa ita ke nuna irin filin da zai gani, da ma irin wasan.

Babban aikin mai shirin tafiya shi ne tikiti, kuma manyan hanyoyin samunsa uku ne.

Ta farko ƙuri'a ce, al'adar da masu gasar suka faro tun 1924. A 'yan shekarun nan cikin watan Satumba ake buɗe ta, na 'yan makonni, wato wata tara kafin a buga ƙwallon farko. Mutum zai yi rajista kyauta a shafin gasar na intanet, daga kowace ƙasa yake, ya shiga sau ɗaya, sannan ya zauna jira. Idan ƙuri'a ta faɗa kansa, za a yi masa tayin tikiti da bai wuce biyu ba, amma ba shi zai zaɓi rana ko fili ba: abin da kwamfuta ta fitar shi ke nan, ko ya biya cikin wa'adin da aka ba shi, ko a miƙa wa wani. Amfanin wannan hanya shi ne farashin asali ake biya. A 2025 kujera mafi kyau a wasan ƙarshe ta kai fam 315 ta wannan hanya, na kwanakin farko kuwa sun yi ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Matsalarta ita ce masu nema sun fi kujerun yawa ninkin ba ninkin, don haka mutum kan yi shekaru yana shiga bai dace ba.

Hanya ta biyu ta masu hannu da shuni ce. Kulob ɗin da ke shirya gasar kan sayar da haƙƙin wasu kujeru na tsawon shekara biyar, yana amfani da kuɗin wajen gine-gine. Masu waɗannan kujeru ne kaɗai ke da izinin sake sayar da tikitinsu ga wanda suka ga dama, kuma farashin rana ɗaya kan kai dubban fam. Wannan ƙa'ida ce ya kamata matafiyi ya riƙe da kyau. Duk wani tikitin da ba irin wannan ba, na mai sunan ne shi kaɗai, yana cikin manhajar wayarsa, kuma ana iya neman shaidar da ke ɗauke da hotonsa a ƙofa. Wanda ya sayi tikiti mai araha a hannun wani baƙo a intanet ko a bakin tashar jirgi, yana iya isa ƙofa a mayar da shi, kuɗinsa kuma sun bi ruwa.

Hanya ta uku ita ta sa Wimbledon ta fita daban da yawancin manyan wasannin duniya: layi. Kowace rana ana ware tikiti wajen 500 na Filin Tsakiya, 500 na Fili na Ɗaya, da 500 na Fili na Biyu, wato manyan filayen gasar, domin waɗanda suka zo da ƙafarsu suka bi layi, ban da kwanaki huɗu na ƙarshe da ba a sayar da na Filin Tsakiya ta haka. Bayan waɗannan akwai dubban tikitin shiga harabar. A wani makeken dandali da ake kira Wimbledon Park ake yin layin, kuma tsarinsa ba ya barin ƙofar wayo. Da isar mutum za a miƙa masa kati mai lamba da kwanan wata. Katin nan shi ne matsayinsa. Ba a karɓa wa aboki, ba a kama wa wani wuri, kuma kowa tikiti ɗaya zai saya. Masu neman manyan filaye kan kwana a dandalin cikin tanti, wanda bai kamata ya wuce na mutum biyu ba, kuma ba a yarda mutum ya bar wurinsa fiye da minti 30 ba. Da sassafe masu kula da layi za su tashi kowa, a naɗe tantuna a kai ma'ajiya, sannan a bi layi ana ɗaura wa na gaba-gaba zare a wuyan hannu, alamar filin da suka samu.

Wanda ba ya son kwanan waje, kuma tikitin haraba kawai yake nema, ya isa wurin da asuba. A ranar buɗe gasar 2025 mutanen da ke layi sun haura 10,000, har masu gasar suka roƙi jama'a su daina tahowa. Harabar ba ta ɗaukar fiye da mutum 42,000 a lokaci guda, in ta cika kuma sai wani ya fita wani ke shiga.

Mutane da yawa kan ɗauka wanda bai shiga Filin Tsakiya ba bai je Wimbledon ba. Masu zuwa shekara da shekaru sun san ba haka abin yake ba. Tikitin haraba, wanda aka sayar fam 30 a makon farko na 2025, yana buɗe wa mai shi ƙananan filaye fiye da goma, kuma a kwanakin farko nan ne kasuwa ke ci. Maza 128 da mata 128 ne ke shiga gasar 'yan ɗai-ɗai, wato wasa 128 ke nan a zagayen farko kaɗai, waɗanda ake son gamawa cikin kwana biyu. Filin Tsakiya wasa uku yakan ɗauka a rana, Fili na Ɗaya ma haka, saura duk a sauran filayen ake raba su. A can ɗan kallo na zaune taku kaɗan daga ɗan wasa, yana jin numfashinsa da ƙarar ƙwallo, abin da mai kujerar can sama a filin da ke ɗaukar kusan mutum 15,000 ba zai samu ba. Wasa mafi tsawo a tarihin tenis ma a ƙaramin fili aka yi shi, Fili na 18, a zagayen farko na 2010, inda John Isner na Amurka da Nicolas Mahut na Faransa suka shafe awa 11 da minti 5 cikin kwana uku, zubin ƙarshe ya tashi 70 da 68. Haka kuma a zagayen farko ne, a 1983, ɗan Najeriya Nduka Odizor ya fitar da Guillermo Vilas na Ajantina, ɗaya daga cikin manyan 'yan wasan zamanin, ya kuma ci gaba har zagaye na huɗu.

Ƙarfe 10 na safe ake buɗe ƙofa, ƙarfe 11 a fara wasa a ƙananan filaye, Fili na Ɗaya ƙarfe 1, Filin Tsakiya kuma 1 da rabi. Mai tikitin haraba da ke son ganin babban wasa yana da mafita biyu. Akwai tudun nan da ke gefen Fili na Ɗaya, wanda Turawan Ingila ke kira da sunan ɗan wasansu Tim Henman, inda jama'a ke shimfiɗa a ciyawa suna kallo a ƙaton allo. Akwai kuma tikitin da masu tafiya gida da wuri ke bari, waɗanda ake sake sayarwa da yamma a kan kuɗi kaɗan, a zuba kuɗin a asusun agaji na gasar. Da haka mutum kan shiga da tikitin haraba da safe, ya ƙare yininsa a Filin Tsakiya.

Ga mai tasowa daga Najeriya, Nijar ko Gana, biza ce ke biye da tikiti wajen muhimmanci. Bizar ziyara ta Birtaniya ba a neman ta sai saura wata uku ko ƙasa da haka a yi tafiya, amsa kuma kan ɗauki kamar mako uku, wani lokaci fiye, domin bazara lokacin cunkoson masu nema ne. Kuɗinta fam 127 ne a tsakiyar 2025, kuma yana sauyawa. Farkon Afrilu shi ne lokacin da ya dace a shigar da takardu. Daga Abuja ko Legas jirgi na kai wa Landan kai-tsaye cikin awa shida zuwa bakwai, sai dai kujera kan yi tsada a Yuni da Yuli saboda masu tafiya hutu.

Masauki a unguwar Wimbledon kanta kan yi tashin gwauron zabi a waɗannan makonni, har wasu mazauna kan bar gidajensu su ba 'yan wasa haya. Ba dole ba ne a sauka can. Layin jirgin ƙarƙashin ƙasa da ake kira District yana bi ta unguwanni kamar Earl's Court, Fulham da Putney, kuma duk wanda ya sauka kusa da shi ya huta. Abin lura shi ne tashar Southfields ta fi tashar Wimbledon kusa da filin da kuma wurin layi, tafiyar kamar minti 15 a ƙafa. Baƙi da yawa kan zarce zuwa tashar da ke ɗauke da sunan gasar, su ƙara wa kansu tafiya.

Yanayin Landan ba shi da alƙawari. Ranar buɗe gasar 2025 zafi ya haura digiri 32, mafi zafin ranar farko da aka taɓa gani a gasar, amma a mako guda ɗin ana iya wayar gari da yayyafi da sanyi. Filin Tsakiya ya samu rufi mai buɗewa da rufewa a 2009, Fili na Ɗaya a 2019. Sauran kuwa da an fara ruwa sai a ja tamfol a rufe ciyawa, kowa ya nemi mafaka. Don haka hula, rigar ruwa da rigar sanyi mara nauyi duk su shiga jaka, jakar kuma guda ɗaya ce, kada ta wuce santimita 40 a tsawo, 30 a faɗi, 30 a kauri. An yarda mutum ya shiga da abincinsa da ruwansa, wanda hakan sauƙi ne ga aljihu da kuma mai kiyaye abin da yake ci. Ciniki a ciki da kati ake yi, don haka a tabbatar katin banki na aiki a ƙasar waje kafin a bar gida. Dokar sa fararen kaya ta 'yan wasa ce kawai, ba ta shafi ɗan kallo ba. Abin marmarin da aka san gasar da shi, 'ya'yan sitiroberi da kirim, ya tsaya a fam 2.50 tun 2010, sai a 2025 ya koma 2.70.

Musulmi matafiyi zai tarar da yini mai tsawon da bai saba ba. A ƙarshen Yuni rana na fitowa a Landan kafin ƙarfe 5 na safe, ba ta faɗuwa sai bayan 9 na dare, don haka lokutan salla na buƙatar a duba jadawalin garin tun kafin a isa. Akwai masallaci a titin Durnsford, ba nisa da dandalin da ake layi. Tsawon yinin ne ma ke sa ana wasa a ƙananan filaye har duhu ya fara, a filaye masu rufi kuwa har ƙarfe 11 na dare, iyakar da ƙaramar hukumar yankin ta gindaya saboda maƙwabta da masu neman jirgin komawa gida.

Wanda ƙuri'a ba ta faɗa kansa ba, kuma ba ya jin zai iya layi, bai rasa kallon ciyawa ba. Mako guda kafin gasar ana wasannin neman gurbi a Roehampton, kusa da Wimbledon, inda 'yan wasa ke fafutukar samun shiga, tikitin kuma ba shi da tsada. Mako biyu kafin gasar akwai ta Queen's Club a yammacin Landan, wadda manyan 'yan wasa maza ke ɗauka a matsayin share fage, kuma a 2025 aka dawo da ta mata can bayan rabuwa da ita tun 1973. Akwai ta Eastbourne a bakin teku a kudancin Ingila, da ta Nottingham, sai ta Halle a Jamus, wadda Roger Federer ya lashe sau goma. Tikitin waɗannan kai-tsaye ake sayensa a intanet watanni kafin lokaci, mutum ya zaɓi ranarsa da kujerarsa da kansa. Tun da bizar Birtaniya ɗaya ta isa dukkan waɗanda ake yi a Ingila, mai hutun kwana goma na iya kallon kwanakin ƙarshe na Eastbourne, ya hau jirgin ƙasa na kimanin awa ɗaya da rabi zuwa Landan, ya huta ranar Lahadi, sannan ya shiga layin Wimbledon da asubahin Litinin ɗin da zakaran maza na bara ke buɗe Filin Tsakiya.