Hermanus, Garin da Ake Yi wa Kifin Wel Shela

A garin Hermanus da ke bakin tekun Afirka ta Kudu, kimanin kilomita 120 daga Cape Town, akwai mutumin da sana'arsa ita ce zagaya bakin dutse yana zuba wa ruwa ido. Da ya hango wani baƙin abu ya taso, sai ya ɗaga ƙaho ya busa. Nan take mai shan shayi ya ture kofi, mai cinikin tsaraba ya bar ciniki a rabi, iyaye su ja hannun yara, kowa ya nufi gaɓa. Kifin wel ne ya iso, mutumin kuwa shi ne mai shelar garin.

Ƙahon nasa ba na sa ba ne. Da wani tsiron teku ake yin sa, mai dogon kara da rami a ciki, wanda igiyar ruwa kan watso bakin gaɓa. A lanƙwasa shi tun yana ɗanye, a bar shi ya bushe. Busar ma ba ta kara-zube ba ce. Akwai doguwa akwai gajeriya, kuma yadda aka jera su shi ke faɗin wajen da za a nufa, ko tsohuwar tashar jiragen kamun kifi, ko sabuwa, ko wani lungu na gaɓar. Mai shela yana rataye da allo gaba da baya, an rubuta ma'anar kowace busa a kai, don baƙon da bai san kan garin ba.

Mai jin wannan zai ɗauka gadon kaka da kakanni ne. A'a, ƙirƙirarsa aka yi a farkon shekarun 1990 don jawo 'yan yawon buɗe ido. Pieter Claasen ne ya fara riƙe ƙahon daga 1992, kuma da fari abokansa tsiya suka riƙa yi masa saboda shigarsa. Bayansa Wilson Salukazana ya karɓa, aka ci gaba da miƙawa daga hannu zuwa hannu. Abin da aka soma a matsayin talla ya zauna daram, har marubuci Zakes Mda ya gina littafinsa na 2005, The Whale Caller, a wannan gari, kan wani mai busa irin wannan ƙaho da ya kamu da son wata macen wel.

Baƙin da ake yi wa wannan hidima ana ce musu kifi ne kawai don a ruwa suke. Kamar ayun da masunta suka sani a Binuwai da Kwara, wel iska yake shaƙa, haihuwa yake yi, yana kuma shayarwa. Irin da ke zuwa Hermanus baƙi ne, mai ƙiba, ba shi da ƙaya a gadon baya, tsawon babba yakan kai mita 15, nauyinsa tan 40 zuwa sama. Rabin shekara yana can kudu, a ruwan sanyi na wajen Antatika, yana tace ƙananan halittu dangin jatan lande ta cikin gezar bakinsa, domin ba shi da haƙori ko ɗaya. Idan ya tara kitse, sai ya yo arewa. Daga watan Yuni, farkon sanyi a can, ake fara ganinsu a mashigin Walker Bay, inda garin yake; Satumba da Oktoba ne kasuwar ke cika, zuwa Disamba sun watse. Abu biyu ke kawo su, barbara da haihuwa, kuma kusan duk zamansu a nan ba sa cin abin kirki.

Abin da ya ba Hermanus fifiko shi ne yanayin gaɓarta. Dutse ne ya sauka kai tsaye cikin ruwa mai zurfi, don haka wel kan matso har mutum ya ji hucinsa daga tudu, wani lokaci tazarar ba ta wuce jifa ba. Akwai hanyar ƙafa mai tsawon kusan kilomita 12 da ta bi bakin dutsen, da benci nan da can, da remaye kwance a kan duwatsu suna shan hantsi, ba ruwansu da kowa. Ba a biyan ko sisi. Mutum ya zo da rigar sanyi, da shayi a fulas, da madubin hangen nesa in yana da shi, ya sami wuri ya zauna.

Sauran aikin jira ne, kuma a nan ake gane ɗan gari da baƙo. Baƙo yakan ɗaga waya yana ta waige-waige, ya ga kowane baƙin dutse ya ce ga shi can. Ɗan gari feshi yake nema. Wannan wel ƙofofin hancinsa biyu ne a tsakar ka, idan ya fesa numfashi sai ya tashi reshe biyu kamar harafin V, wanda da shi ake bambanta shi da sauran danginsa tun daga nesa. Wanda ya fara gani ba ya ɓoyewa: zai miƙa hannu ya nuna, ya ba na kusa da shi aron madubi ko da bai taɓa ganinsa ba. Kowane motsi kuma da sunansa a bakin masu kallo. Akwai tsalle, inda dabba mai nauyin tan arba'in ke fitowa kusan gaba ɗaya daga ruwa ta faɗo da ƙarar da ake ji a cikin gari, kuma sau da yawa takan maimaita a jere, shi ya sa ake ce wa baƙo kada ya sauke ido. Akwai dukan ruwa da jela. Akwai leƙe, inda yake ɗago kai tsaye sama kamar mai son ganin su wa ke kan tudu. Akwai kuma wanda ya fi ba mutane dariya: ya kifa kai ƙasa, ya bar jela a sama iska tana tura shi.

Barbarar kanta ba ta da kyan gani irin na hoton kalanda. Abin da ake hangowa daga tudu ruwa ne yana tafasa fari fat, da fukafukai da jela suna fitowa suna nutsewa, har a kasa ƙirga ko su nawa ne. Mace ɗaya ce a tsakiya, maza da dama sun kewaye ta, ana iya shafe sa'o'i ana wannan turmutsutsu. Idan ba ta so, sai ta juya rigingine, cikinta a sama, inda ba mai iya kai mata. Mazan su yi ta jira a gefe, don sun san dole ta juyo ta shaƙi iska. Abin mamaki, ba su cika faɗa da juna ba. Gasar tasu ta yawan maniyyi ce, shi ya sa marainan namijin wannan wel suka fi na kowace dabba a duniya girma, biyun sukan kai kusan tan guda. Masu yi wa baƙi jagora sun san wannan bayani ne ke sa taro ya yi tsit sannan ya fashe da dariya, ba sa kuma mantawa da shi.

Ciki shekara guda ne. Jariri kan fito da tsawon mita 4 zuwa 6, uwar ta riƙe shi a ruwa marar zurfi wata biyu zuwa uku, tana shayar da shi daga kitsen jikinta, ita kuwa tana ramewa. Wanda ke son ganin uwaye da 'ya'ya da yawa sai ya ƙara gaba gabas, zuwa gandun De Hoop da Witsand. Jefi-jefi akan haifi fari sol, galibi namiji, wanda ke rinewa zuwa toka-toka idan ya girma. Ranar da aka ga irinsa, labari kan gama gari kafin azahar.

A ƙarshen Satumba ake bikin wel na shekara, wanda shi ma a 1992 aka fara. Tituna kan cushe da motoci daga Cape Town, ga kiɗa, ga rumfunan masu sana'ar hannu, ga hayaƙin gashin nama, ga tantin da masana ke koya wa yara sha'anin teku. Wani bikin na wasan kwaikwayo da waƙa cikin harshen Afrikaans, Kalfiefees, a watan Agusta ake yin sa. Masu masauki da gidajen abinci da wannan kaka suke lissafin shekararsu. Sai dai arzikin bai zagaya daidai ba. 'Yan mintuna kaɗan daga otal-otal na bakin dutse akwai unguwar Zwelihle, inda yawancin masu share ɗakunan da wanke kwanukan suke kwana, kuma a 2018 unguwar ta yi ta zanga-zanga kan filaye da gidaje. Mai kallon teku yana iya gama hutunsa bai san da ita ba.

Tsayuwa a kan dutsen nan ana duban ruwa ta girmi yawon buɗe ido. A Gearing's Point, inda 'yan kallo suka fi taruwa yau, nan iyalan masunta kan tsaya a da suna jiran dawowar kwale-kwalen mazajensu. Shi kuwa wel, a wancan zamani mashi ke jiransa a gaɓar ƙasar. Tun ƙarshen ƙarni na 18 jiragen Amurka da Ingila da Faransa ke farautarsa a nan, don yana da sauƙin samu: ba ya sauri, yana son bakin gaɓa, idan an kashe shi kuma kitse kan sa ya taso maimakon ya nutse. Aka yi ta narka kitsen ana man fitila har ya kusa ƙarewa. An hana kashe irinsa a 1935, amma jiragen Tarayyar Sobiyet suka ci gaba a ɓoye, suka kashe fiye da 3,000 tsakanin shekarun 1950 da farkon 1970. A Betty's Bay, kan hanyar Cape Town, masana'antar fiɗar wel ta rufe a 1930. Tsuntsayen fengwin ne suka gaje wurin.

Dokar yanzu ta nisanta ce. Jirgin da ba shi da izini ba ya matsawa ƙasa da mita 300 kusa da wel, kuma daga Yuli zuwa ƙarshen Nuwamba akan rufe wani yanki na Walker Bay ga jirage. Wannan ya ƙara wa kallon tudu daraja, tunda shi dabbar ce ke zaɓar ta matso.

Akwai masu kallon da ba nishaɗi ya kawo su ba. Tun 1969, lokacin da masani Peter Best ya soma, ake bin gaɓar ta sama kowace shekara ana ƙirga, aikin da sashen binciken wel na Jami'ar Pretoria ke riƙe da shi. Daga jirgi mai saukar ungulu suke ɗaukar hoton kan kowace uwa, domin kowane wel yana da kanta a ka, wadda ƙwarƙwatar ruwa ke lulluɓewa ta yi fari, kuma tsarin kantar wani ba ya zama ɗaya da na wani. Da haka suka san uwaye ɗaya-ɗaya, wasu shekaru da dama. Ƙirgar tasu ta nuna yawan wel ya yi ta ƙaruwa da kusan kashi 7 cikin ɗari a shekara na tsawon lokaci. Amma daga wajen 2010 abubuwa suka canja: uwar da ta saba haihuwa duk shekara uku ta koma huɗu ko biyar, uwayen suna isowa a rame fiye da na da, manyan da ba su da goyo kuma sun ragu ƙwarai a gaɓar. Masanan suna danganta hakan da sauyin yanayi da ya taɓa abincinsu a can kudu, shi ya sa yanzu suke liƙa wa wasu na'urar da tauraron ɗan'adam ke bibiya, don su ga inda suke zuwa kiwo bayan sun bar Walker Bay.